Lakar da Na Cusa a Bututun Baba Ilu

Wata Alhamis ce cikin rani, shekarar da nake aji huɗu, farar mota ta tsaya a bakin fadamar ƙauyenmu, kusa da Birnin Tudu. Muka watsar da langa muka ruga. Malamin gona ne da baƙi biyu, wani Bature da rana ta gasa wa wuya, da wata mata daga ƙasashen gabas wadda ta tuɓe takalmi ta shiga taɓo kamar 'yar gida. Suka ce ƙasashe sun haɗa kai don rage iskar da ke ɗumama duniya, wai shinkafar da ke kwana cikin ruwa kullum tana fitar da ita. Manya suka yi ta zungurar juna. Mutum ɗaya ya yarda a gwada a gonarsa, Baba Ilu maƙwabcinmu, tsoho marar ɗa namiji, wanda idonsa ya fara hazo.

Suka kafa masa bututun roba mai huji-huji a tsakiyar fangali, ruwan ƙasa na shiga ta hujin. Aka koya masa ya zura kara kowace safiya. Muddin jiƙar ta kai alama, kada ya yi ban-ruwa ko da ƙasa ta tsage, domin saiwa tana sha. To mu a wurinmu ruwan dam bi da bi ake sha, kowa da ranarsa, wanda ya bar tasa kuma ta faɗa wa na kusa da shi. Gonarmu ce ta kusa.

A lokacin rabin rayuwarmu a fadama take. Mu kori tsuntsayen jan-baki da gwangwani da majajjawa, mu tare tarwaɗa a kwata, mu gasa fara mu ci da ƙuli. Idan hannu ya rasa aiki sai a koma kan Baba Ilu, wanda muka laƙaba wa Injiniya. Ni na kawo dabarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na zura hannu har gwiwa na liƙe hujin nan da laka, na toshe gindin, na cika bututun da buta. Kullum kafin makaranta sai na ƙara. Mu laɓe bayan kunyar gona muna kallon tsoho ya zura kara, ya kawo shi dab da hanci, ya shafa da yatsa, ya gyaɗa kai ya tafi. Dariya har da hawaye.

A mako na biyu babana ya ritsa ni da buta a hannu. Ya dubi lakar da ke damtsena, ya dubi bututun. Na gama sallamawa zan sha bulala. Sai ya ce, "Wanke hannunka ka wuce makaranta." Ranar ruwan Baba Ilu ce, kuma da hantsi babana ya fasa kwata ya juya shi gonarmu. Daga nan na san ba wasan yara ba ne kuma, amma ban daina ba.

Shinkafar Baba Ilu tana da ciki a lokacin. Ganye ya nannaɗe, ƙasa ta dare har ƙafar yaro na shiga. Matarsa Inna Hajo ta roƙe shi ya sha ruwansa ko sau ɗaya, ya ƙi. A gabana ya ce mata, "Bututun ga ba shi ƙarya. Mutanen da sunka taso tun daga wata duniya ba su zo su cuce ni ba."

Da aka yi girbi ƙaiƙayi ya sheƙe, mu kuwa rumbunmu bai taɓa cika irin na shekarar ba. Da na ji baƙin za su dawo, na je na wanke lakar tsaf. Suka duba bututu lafiya lau, suka ce manomi bai bi ƙa'ida ba, suka tuge allon da suka kafa a bakin gonar suka kai wani ƙauye wajen Damri. Baba Ilu bai musa ba. Ya ce, "Laihina na. Idon ga nau ba shi gani."

Kafin damina ya tattara ya koma wurin 'yarsa a Maradun, babana ya karɓi aron gonar. Ni na ɗaukar wa tsohon tabarma zuwa tasha. Ya dafa kaina ya sa mini albarka, wai na taya shi korar tsuntsu. Bai shekara biyu ba ya rasu.

Yau ruwan dam ya ja baya, damina ba ta da alkawari, ranar ban-ruwa har faɗa ake yi a kanta. Waɗanda suka yi masa dariya kowa ya kafa bututu a gonarsa, dabarar baƙin kuma tana ci. Ni ma ina da nawa, a fangalin nan nasa, wanda har yau ba wanda ya zo karɓa. Kowace safiya, kafin in zura kara, sai na zura hannu na shafa hujin ɗaya bayan ɗaya. A buɗe suke, amma wanda ya kamata in gaya wa ba ya nan.