Mai Niƙa da Muryar 'Yarsa

A ɗakin gwajin kunne, a benci ɗaya da ni, akwai wani mutum da gari ya maƙale a girarsa. Da alama mai injin niƙa ne, kuma ya daɗe a kansa. Bakin mai magana yake kallo, ba ido ba. Wata ƙaramar yarinya tana jingine da gwiwarsa.

Wata ma'aikaciya tana yi masa bayani da ƙarfi. Can cikin kunne akwai wani abu mai kamar dodon koɗi, cike da siraran gashi, kowane sashe da irin sautin da yake kamawa. Ƙarar inji takan fara kashe masu kama siririyar murya, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

"Shi ya sa nake jin tsawar maigidana, ba na jin wannan akun," in ji shi, yana shafa kan yarinyar. "Malama, a kan muryarta za ki saita min na'urar ƙara jin. Surutun manya ya ishe ni."

An maƙala masa na'urar. Yarinyar ta zaga bayansa, ta ce, "Baba." Bai motsa ba. Sai da ta ja masa riga ya waiwaya da sauri.

"Na ji ki, uwata."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai.

Ni an riga an duba ni, an ce kunnuwana lafiya lau. Tun da muka binne 'yarmu gidan ya yi tsit, na zaci ko daga kunnen ne.