Ɗan Farina Mai Jifan Marto

Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zuba masa ido a gaban mutane. Haka na tarar a ƙauyenmu Guna, haka uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah. Nawa kuma sunan surukina aka sa masa, kunya ta zama biyu. In magana ta kama dole, sai in ce "wancan", ko "mai sunan Malam".

Amma rashin kallo ba makanta ba ne. Da wutsiyar ido muke kiwon 'ya'yanmu.

Idan gero ya fara ƙosawa akan tura yara gona su kori tsuntsaye da majajjawa. Sauran yara hannu kawai suke kaɗawa. Shi kuwa sai ya kafa diddige, ya juya da jikinsa gaba ɗaya, ya sake juyawa, sannan ya saki. Dutsen ya tsallake gonarmu, ya tsallake ta maƙwabci. Wata rana ya fasa tulun matar bulama da ta ajiye a gindin gawo, can nesa inda ko murya ba ta kaiwa. Ubansa ya je ba da haƙuri. Ni ina roron wake ban ɗago ba, amma na san inda dutsen ya tashi da inda ya sauka.

Da damina ta yi mana gardama muka koma cikin Damagaram, aka sa shi lakwal, makarantar boko, da girmansa. Can wani mushe, malamin lakwal ɗin, ya ga faɗin kafaɗarsa ya damƙa masa abin da suke kira marto: dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙaramar kabewa, an ɗaura masa waya mai mariƙi, a juya a juya a wurga, a auna wanda nasa ya fi nisa. Na ce ikon Allah, yanzu jifa ma sana'a ce.

A gida ba shi da ƙarfe, sai ya riƙa ɗauke mini igiyar guga, ya ɗaure dutse, ya tafi bayan duwatsun Birni. Garin da ruwa yake da tsadar samu, a ɗauke wa mace igiya! Na yi faɗa har na gaji, ban dai ce ya daina ba.

Daga lakwal soja suka ɗauke shi, saboda jifan nan. Ya tafi Yamai. Shekara da shekaru ba wanda ya kai shi a ƙasar nan, har jirgi ya hau ya je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. In rediyo ta ambace shi, matan unguwa su cika gidana da barka. Gwaggonsa, ƙanwar mijina, ita ke rangaɗa guɗa tana taka rawa da zane a hannu. Ita gwaggo ce, ba abin da ya hana ta. Lambobin da yake ciyowa ma a ɗakinta suke rataye. Ni kuwa in ja turmi.

"Matar yaya, ba ki ji ba? Ɗanki ya sake kayar da su!"

"Ina daka, ban ji ba."

"Ƙarya kike, tun ɗazu taɓaryar a sama take ba ta sauka ba."

Kwanaki masu daɗi ke nan. Ubansa yana da rai, gida cike, in wancan ya zo hutu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure.

Ƙarfe ba ya tsufa, mai jifansa ne ke tsufa. Bayan rasuwar ubansa gwiwa ta fara ba shi wahala, likitan soja ya ce ya isa haka. Ya roƙi a bar shi ya yi na ƙarshe a gida, a babban filin wasa na Damagaram. Ana saura kwana kaɗan ya shigo da hantsi ya durƙusa a bakin ƙofata. Ƙato guda, furfura ta fara fito masa a gemu. Na juya ina tsince shinkafa.

"Inna, ba ki taɓa gani ba. Daga wannan babu wani."

Na ce wa faranti, "Filin maza ba wurin tsofaffi ba ne."

Ya daɗe a durƙushe, gwiwar nan tana ciwo, na sani. Sannan ya tashi ya fita.

Na kwana ina auna abin. In na je, matan da muka tsufa tare za su ce wance ta zubar da kunya da furfurarta, ta tafi kallon ɗan fari. In ban je ba, ya gama ke nan uwarsa ba ta gani ba, kuma ba a maido da irin wannan.

Ranar da safe sai ga gwaggonsa da sanda, tana lalube kamar ba ta san hanyar gidan ba.

"Tashi ki raka ni. Idona ya mutu, ba mai ja mini gora."

"Jiya na gan ki kina zura zare a allura."

"Yau ya mutu. Za ki bar ƙanwar mijinki ta faɗa rami? Me za ki gaya wa yaya a lahira?"

Rakiya ba kallo ba ce, kowa ya san haka. Na yafa mayafi.

Filin cike da sojoji da 'yan lakwal. An kewaye wurin jifan da raga kamar akurkin kaji. Da aka kira shi mutane suka ɗauki ihu, makauniyata ta miƙe tana nuna shi da sanda. Ni na ja mayafi har goshi, na sauke ido. Fuskarsa ban kalla ba. Abin da ke ƙasan mayafin shi na gani: ƙafafunsa a cikin da'irar da ake tsayawa a yi jifan. Diddige ya kafu, yatsu suka ɗauka, diddige ya sake kafuwa, sauri na ƙaruwa har takalman suka zama abu ɗaya. Sai wani gurnani da ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Ban ga tafiyar ƙarfen ba, faɗuwarsa na ji a ƙirjina. Haka na bi ƙafafun nan jifa bayan jifa.

Bai ci ba. Wani yaro da bai kai rabin shekarunsa ba ya wuce shi. Ya rungume yaron, aka yi ta tafi.

Da la'asar ya shigo yana ɗingishi, ya zauna a tabarma nesa da ni. Gwaggonsa tana ta zuba, wai an yi masa ƙwange, ma'aunin ne ba daidai ba. Shi yana murza gwiwarsa. An gaya masa na je, amma an kuma gaya masa kaina a sunkuye yake tun farko har ƙarshe.

Na ce, "Ke, rufe mana baki, ba wanda ya cuce shi. Jifan farko lafiya lau. A na biyu ƙafar hagu ta makara a juyin ƙarshe, daga nan bai ƙara yarda da ita ba, yana ta jingina a dama. Da bai ji tsoronta ba, da yaron nan bai kamo shi ba."

Sai na ji dariya ƙasa-ƙasa daga tabarma, irin wadda hanci ke toshewa a cikinta.

"Haka ne, Inna. Wallahi haka aka yi."

"Ni ba da kowa nake ba," na ce. "A ɗora ruwan zafi, akwai mai gwiwa a gidan nan."