Ƙasar da Baba Ya Murza a Filin Tumaki

Mun tashi da asuba daga Abbey Wood, unguwarmu a London, sallame salla ke da wuya, ni da maigida da Baba. Maigida ke tuƙi, ina baya riƙe da filas ɗin shayi da kular waina, Baba kuma a gaba cikin riguna uku da bargo, fuska a murtuke kamar wanda za a kai kotu.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu cikin wannan sanyin. Baba ya zo daga Ɗambatta ne a cire masa yanar ido. An yi na dama, ya yi kyau, saura na hagu, an ba mu rana nan da 'yan makonni. Sai ya tubure wai gida zai koma. Damina ta kusa, in ji shi, kuma ido ɗaya ya ishi mai shekarunsa, tunda dama shi da hannu yake sanin gonarsa. Kullum sai ya ce in yi cancel ɗin appointment ɗin asibitin. Na san idan ya hau jirgin nan ba zai dawo ba, idon kuma zai ƙarasa rufewa. Na yi lallashi, na yi kuka, na kai ƙara wajen ƙaninsa, duk a banza. Abin da ya fi yi wa London gori a kai shi ne wai gari ne da ba shi da ƙasa, sai siminti da kwalta. To, ni ma jininsa ce a taurin kai. Wata abokiyar aikina tana da wa mai kiwon tumaki a filayen Salisbury, na roƙa, ya ce mu zo.

Babbar hanyar da ta zagaye London ba cunkoso a wannan lokacin, sai manyan motoci. Da muka miƙi yamma gari ya waye, gidaje suka fara ja da baya. Mun tsaya a wurin hutawar matafiya, maigida ya sayo wa Baba shayin kofin takarda. Baba ya tambayi kuɗinsa, ya juya shi zuwa naira a zuci, ya ce ai wannan sai a sha da ladabi. Ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini, ya ce in zuba masa namu.

Bayan mun wuce wasu dogayen duwatsu da masu yawon buɗe ido ke tururuwa a kai, waɗanda Baba ya ce bai ga abin kallo a jikinsu ba, sai fili ya buɗe. Shimfiɗaɗɗe ne, yana ɗan tashi yana kwanciya, ba itace sai jefi-jefi, ciyawa gajera, tumaki birjik da 'ya'yansu sababbin haihuwa. Babu rafi, babu kududdufi. A nan na ga Baba ya gyara zama.

Mai gonar dogon Bature ne mai jan kumatu, ya tarbe mu da takalman roba. Muna fitowa iska ta mare mu, irin mai shiga har ɓargo. Idon Baba da aka yi wa aiki ya fara zubar da ruwa, sai ya jawo hular sanyinsa ya rufe shi ruf, don likita ya ce a kiyaye masa iska da ƙura. Ya rage yana tafiya da na hagun, wanda ba ya nuna masa komai sai hazo.

Bai jira an gama gaisuwa ba ya tsuguna, ya tura yatsu ƙarƙashin ciyawa ya damƙo ƙasa. Haka na taso ina ganinsa yana yi. Ya murza, ya sunsuna, ya ɗan jiƙa ta da yawu, ya dunƙule. Ta dunƙulu, da ya latsa da babban yatsa kuma ta warware a hankali. Ya yi mana karatu yana tsugune. Jigawa, in ji shi, ba ta dunƙuluwa, zubewa take yi tsakanin yatsu. Laka tana dunƙuluwa har ta manne wa hannu, in ta bushe sai gatari. Fako kuwa ko farce ba ya shiga. Wannan tana tsakanin jigawa da laka, ga laushi, ga ɗan yashi, ga ƙanshin ruɓaɓɓiyar ciyawa, tana riƙe ruwa ba ta kwana da shi. Irinta ce manomi ke roƙon Allah ya ba shi ko kadada guda.

Sai ya miƙe ransa a ɓace, ya ce da ni, "Gaya masa wannan almubazzaranci ne. Ƙasa irin wannan a bar wa tumaki? Ya sa garma, masara za ta fi shi tsawo."

Na fassara, na rage gishiri. Baturen ya yi dariya, ya ce hannun Baba bai yi ƙarya ba, su ma a ajin mai kyau suke sa ta. Amma ya ɗauko shebur ya yanka ƙasar ya ɗago. Ni ina kallo na ga abin da ke ciki, Baba kuwa ya leƙa ya ce ai ga ta nan baƙa har ƙasa. Na ce, "Baba, buɗe ɗayan, ga jikina na kare maka iska."

Ya ɗage hular. Baƙar ƙasar ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, saiwoyin ciyawa sun saƙe ta, ga tsutsar tana na motsi a ciki. Daga nan sai fari fat, alli zalla, har iyakar inda shebur ya kai. Mai gonar ya ce haka filin yake. Ruwa yana zurarewa cikin allin, shi ya sa ba mu ga rafi ba. Sanyi ba ya barin ƙasar ta ɗumama da wuri, masara ba ta son haka. Ciyawar ce ke riƙe da ita, in aka kife ta a kan tudun nan, iska da ruwa su kwashe, a bar mutum da alli. A cikin kwari ne take da kauri, can yake shuka sha'ir. Wato su ba da taɓi kaɗai suke raba ƙasa aji-aji ba, har da zurfinta, da abin da take kwance a kai, da sanyin wurin.

Baba ya daɗe a bakin ramin. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba, ya buɗe ya sake dubawa, ya yi haka ya fi a ƙirga. Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin ya yi kuskure a kan ƙasa ba, kuma na san shi ma bai taɓa gani ba. Can ya ce a hankali, "Hannu ya gaya mini rabi." Ya sa na ba Baturen haƙuri, suka yi musabaha, muka ci wainarmu a bayan mota tare da shi, yana ta shan ruwa saboda yaji.

A hanyar dawowa mun faɗa cunkoso. Ni dai abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dattijo ba a kayar da shi da baki. Na yi wata guda ina zuba hujja ban motsa shi ba, ashe gani ya kori ji. Kuma sanin da mutum ya fi taƙama da shi ma yana da iyakar inda yake kaiwa.

Mun iso gida ana shirin magariba. Baba ko takalmi bai cire ba ya ce in kira masa ƙaninsa. Ina tsaye na ji yana cewa in ruwa ya sauka su yi shuka, kada su jira shi, amma gefen gonar nan da gero ya daina yi, kada kowa ya taɓa sai ya zo ya tona ya gani. Ya miƙo mini wayar bai kalle ni ba.

"Wancan appointment ɗin naku," ya ce, "a bar shi yadda yake."