Ruwan Wankan Jego

Shekarar da rijiyar gidanmu ta ƙafe, muna haya ne a Iku, kusa da Abuja, gidan ɗakuna a jere, banɗaki ɗaya. Mazan duk a Abuja suke aiki. Suna idar da asuba su watsa ruwa su bi mota, sai magariba. Su dai sun san su tarar da bokiti cike a bakin banɗaki. Yadda aka yi ya cika kuwa, oho, ba su taɓa tambaya ba.

Mu muka san yadda ake yi. Bohol ɗin unguwa sai an kawo wuta yake aiki, kuma masu ga-ruwa ake fara sallama, mu mata mu samu ragowa. In babu wuta sai gangare, can bayan gonaki, inda muke tona yashi mu zauna jiran ruwa ya tsatso, mu kwasa da kwano. Mace ta fita da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta take, wuya kamar zai karye.

A cikin bazarar wannan shekarar maƙwabciyata ta haihu. Haihuwar fari ce, 'yar Zariya, ba ta da kowa a garin sai mijin. Ta sha wuya, sai da aka yi mata ƙari aka ɗinke. Uwarta na kwance ba lafiya, ba ta samu zuwa ba. To mu ba ma barin mai jego babu wanka, ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma har a yi arba'in, don jiki ya koma. Sai muka haɗa kai. Duk wadda ta ɗebo, ta juye jarka guda a duron da muka ajiye a ƙofar ɗakinta. Ni ke hura wuta, ni ke yi mata wankan. 'Ya'yana ma rage musu nasu na yi.

Wata Asabar na dawo daga gangare da jarka a ka, sai na ga kumfa na gudu a lungunmu. Na ɗaga ido. Mijin mai jegon ne, direban wani babba a Abuja, ya zo da motar ogansa gida, ya naɗe ƙafar wando yana ta sheƙa mata ruwa har da fito. Duron yana kwance a gefe, ko na alwala babu.

Wallahi ban san sanda na sauke jarkar ba.

Na ce, "Malam, ka san ruwan mene ne wannan?"

Ya ce, "Haba Hajiya, a kan ruwa kike wannan haki? Ba sai a ɗebo wani ba?"

A ɗebo! Wa zai ɗebo? Na wanke shi tas a gaban 'yan lungu. Na ce ya zo ya taɓa tsakiyar kaina ya ji inda gashi ya ƙare. Na ce matarka ko zama ba ta iya yi sosai, kai kana nan kana lallashin taya. Ya ce ba ya sa'insa da mata, ya shige mota ya tafi.

Ita tana ɗaki, ta ji komai. Da yamma na dafa mata ruwan jarkata, ina gasa ta tana hawaye. "Yaya, ku yafe min," kawai take cewa. Na ce ke kika wanke motar? Yi min shiru.

Ashe kunya ce ke cin ta. Washegari muna layin bohol, ta bar jaririn yana barci, ta ɗauki jarka ta bi hanyar gangare, wai ta mayar mana da abin da aka zubar. Wata mai tallan wake ce ta zo da gudu ta kira mu. Muka same ta zaune a bakin gona, ɗinkin ya farke, zaninta jage-jage da jini. Ta rungume jarkar tana cewa, "Yaya, riƙe, kar ya zube."

A asibiti aka sake ɗinke ta, aka ƙara mata jini. Sai bayan la'asar mijin ya iso, yana ƙamshin turare. Ya leƙa ta, ya fito ya same mu jere a kan benci, ƙafafunmu duk taɓo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

Ya ce, "Yanzu duk yawan matan gidan nan, a rasa wadda za ta ɗebo mata ruwa?"