Binnen Baba Maccido

Rubuta yadda nif faɗi, Halliru, kada ka gyara mani magana.

Maccido ƙanen ubana na. Gajere, mai ɗingishi, ga gardama. Shi ad da rumbun iri na Tudun Kirya, garinmu na bisa dutse, kusa da Fakku. Tsoron mahara yak kai kakanninmu can. Tsakanin duwatsu muka noman gero da 'yar auduga, mu sauka da su kasuwar Jabo, mu hawo da gishiri. Da kaka kowane gida shi kai ma Maccido zangarniyar da taf fi cika, shi liƙe rumbu da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Wata shekara, tun Nasara bai zo ba, fara tac cinye gero. Kafin bazara rumbunan gari duk sun ƙare. Matata, kakarka Asma'u, na goyon uwarka, nono ya ɗauke. Sai Bube, Bahillacen da ka ɗaure shanu ga gonakinmu, yah hawo yac ce mahara na kwasar hatsi ƙasa, kwana ukku su iso.

Munka taru bakin rumbun iri. Ni nid ɗauko gatari.

Nic ce ma Maccido, "Baba, in dai kwashewa za a yi, gara mu ci."

Yac ce, "Ka ci yau, da damina ka shuka gatarin?"

"To mi za a yi?"

"Binne."

Ka san binne, a sa iri ga busasshiyar ƙasa shi jira ruwa. Amma saura wata guda ga ruwa. In yayyafi yaj jiƙa shi yat tsaya, shi tsiro shi mutu, gari kuma ya watse ke nan.

Yac cuɗe irin da toka da fitsarin shanun Bube, don kada mai shuka shi kai baki. Yas sa mu zurfafa rami fiye da yadda munka saba. Shina bi da yatsa shina gwadawa, muna zagi nai ciki ciki. Kwana biyu munka binne duka.

Mahara sunka iso, sunka ishe rumbu wayam. Sunka duki Maccido har haƙora biyu sunka fita. Bai ko dubi gonaki ba.

Bayan kwana tara, hadari yat taso. Yayyafi, yat tsaya. Munka bi Maccido gona, yad durƙusa, yas soka yatsa. Laima ta kai gaɓa guda. Iri na ƙasa da haka, busasshe ƙamas.

Yad dube ni da bakin nan mai giɓi, yac ce, "Ina mai gatari?"

Ruwan gaske sai da anka yi kwana ashirin. Ganye da madarar Bube sunka riƙe mu, uwarka ta rayu. Gara ta ci wani irin, sauran yat tsiro.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba, bai kuma nema ba. Da kaka nik kai mai zangarniyoyina. Yaj juya su ɗaya ɗaya, yam maido mani biyu, yac ce ba su cika ba.

Shekara bakwai yaƙ ƙara. Da zai rasu, ni yab bar ma rumbun.