Shekarar da Doya Ta Cinye Filinmu

Ni ne golan da aka fi zura wa ƙwallo tun da aka kafa kwalejinmu, kuma duk wanda ya ce laifina ne ni kaɗai, ban yafe ba. Gola mutum ɗaya ne. Kafin ƙwallo ya iso wurina sai ya wuce ƙarti goma, to su suna ina?

Kwalejin horar da malamai ce ta kwana, a bayan garin Lafiya, a farkon shekarun tamanin. 'Yan tim ɗin da suka gabace mu gwanaye ne, sai suka gama karatu rana ɗaya suka watse, aka bar mu. Mu kuwa 'ya'yan manoma ne zalla: ni daga Adogi, wasu daga wajen Shabu, wasu Tibi daga ƙauyukan hanyar Makurɗi. Ƙarfi kam akwai shi, in aka ce mu ɗaga motar firinsifal za mu ɗaga. Amma da an sa mana takalmin ƙwallo sai mu riƙa ɗingishi, don duk a ƙafa tsirara muka koyi wasan.

Malamin wasanninmu, wanda muke kira Koci, Eggon ne, gajere mai faɗin ƙirji. Shi ya share filin nan da ɗaliban farko, ya tone kututturan da ke ciki da hannunsa. Matarsa na sayar da kunun zaƙi a bakin get, 'ya'yansa na firamare a cikin gari. Abokin gabarsa shi ne Malamin Gona, wani dogon dattijo mai yawan murmushi, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin, don duk makarantar babu ƙasa mai kyawunsa.

A shekarar aka ce kowace makarantar kwana ta noma wani abu daga cikin abincinta. Malamin Gona ya ce ga fili nan ana ta guje-gujen banza a kai. Koci ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Firinsifal mutum ne da ba ruwansa da ƙwallo, ba ruwansa da noma, shi dai ya samu abin dariya. A gaban asambuli ya yanke hukunci: duk ƙwallon da aka ci mu, Malamin Gona zai ɗauki layi ɗaya na tsibin doya, farawa daga gefen fili. In muka ci wasa ko da ɗaya ne kafin hutu, bayan an tone doya ƙasar ta dawo hannun Koci. In ba mu ci ba, fili ya zama gona gaba ɗaya. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: makarantar da ba ta da fili ba ta buƙatar malamin wasanni, canjin wurin aiki za a yi masa.

Koci ya bugi ƙirji ya ce, "Na yarda, Sa. Yaran nan zai ci."

Muka tafa masa da ƙarfi, don tafi ba ya buƙatar gwaninta.

Wasan farko da ruwan farko suka zo tare. Aka kwashe mu a bayan tifa zuwa Doma, aka lallasa mu, aka dawo da mu. Washegari da sassafe sai ga Malamin Gona da igiya da turaku a bakin fili. Sai ya roƙi firinsifal wata alfarma 'yar ƙarama: waɗanda suka zubar da ƙasar su za su tsiba ta. Ka ji mugunta! Aka raba mana garma, mu sha ɗaya har da 'yan benci.

Muka haɗa baki za mu ɓata aikin. Za mu yi tsibi ƙanana marasa kai, mu dasa irin doyar a juye, ya ruɓe, kowa ya huta. Kyaftin ɗinmu, wani ɗan Tibi mai tsaron baya wanda wuyansa ya kai cinyata kauri, shi ya fi kowa zafi a kan shawarar. Ya sari ƙasa, ya tara, ya ja baya ya duba. Sai na ga ya ƙara sara. Ya zagaya, ya daddaɓe gefe, ya gyara kai. Kafin ka ce me, ga tsibi ya kai ƙugu, sumul.

Na ce, "Kyaftin, me muka ce?"

Ya ce, "Na sani. Hannuna ne ya ƙi. In babana ya ji na yi tsibin banza, ina zan sa kaina?"

To mu 'yan Adogi sai mu tsaya Tibi ya nuna mana noma? Muka zage. Ranar aka yi layin tsibin da ba a taɓa ganin irinsa a makarantar ba, Malamin Gona na tsaye yana ta sa mana albarka.

Daga nan abin ya zama jiki. Ranar Laraba a ci mu, ranar Asabar mu ɗauki garma. 'Yan Akwanga suka zo har gida suka yi mana cin kaca. 'Yan Kefi ba su ma tsaya shan ruwa ba. Da farko doya ta cinye wurin da 'yan kallo ke tsayawa, suka koma ɗaya gefen. Sannan ta taɓa layin fili, Koci ya ɗauko toka ya ja sabon layi daga ciki. Mako na zagayowa ya sake ja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Malamin Gona. Ba ya fashin kallon wasa. Zai kafa kujerarsa a bayan ragata, ya buɗe lema, in ƙwallo ya wuce ni ya ce, "Sannu abokina, Allah ya ƙara albarka." In mun haɗu a hanyar aji sai ya tsaya ya tambayi lafiyar hannuna, ya zaro mangwaro daga aljihu ya ba ni a gaban mutane. Ɗalibai suka fara cewa ya saye ni. Wallahi na taɓa shaƙe wani ɗan aji biyu a layin abinci a kan maganar nan, da ƙyar aka ɓamɓare ni. Mangwaron dai ina sha, don bai yi mini laifin komai ba.

Koci ya gwada duk abin da ya sani. Ya tashe mu gudu da safe har Akurba mu dawo. Ya zana mana dabaru a allo, mu gyaɗa kai kamar mun gane. Ya ce mu cire takalman, alƙalin wasa ya ce mu mayar. Wata rana ya tara mu a tsakiyar fili ya ce, "Yarana, ban ce ku ci kofi ba. Wasa ɗaya kawai. Matana ya ce shi ba zai bar Lafiya ba." Tausayinsa ya kama mu. Muna son mutumin nan, Allah ya sani.

Sai dai a lokacin doyar ta tsiro. Wanda bai taɓa dasa doya ba, ba zai gane ba. Ka binne abu da hannunka, ka rufa masa ciyawa a ka don rana, wata safiya ka ga ɗan jan tsiro ya leƙo yana neman abin kamawa. Muka shiga daji muka saro sanduna muka kafa, ba wanda ya sa mu. Kowa ya san layinsa. Ana cikin atisaye sai ka ga ɗan wasan gefe ya tsaya yana naɗa yaɗo a jikin sanda, ƙwallo na wuce shi. Koci ya ɗora hannu a ka ya ce, "Kai! Ƙwallo kake yi ko gona?" Yaron ya ce, "Sa, ya faɗo ne."

Kafin wasan ƙarshe fili ya koma kamar lungu, ragar ma sai da aka matsar don ta zauna a tsakiya. Waɗanda za mu kara da su 'yan wata sakandare ne ta cikin gari, 'ya'yan ma'aikata, masu safa iri ɗaya da man gashi. Suna sauka daga mota suka ga gona suka fashe da dariya. Malaminsu ya yi ƙorafi, alƙalin wasa ya ce shi dai ya ga raga biyu, a buga.

Ashe ƙuncin filin nan alheri ne. Su gwanayen gudu ta gefe ne, ga shi babu gefe. Duk inda suka juya sai su yi karo da ƙirjin manomi. Kafin hutun rabin lokaci aka yi wata hargitsa a bakin ragarsu, ƙwallo ya bugi gwiwar ɗan gabanmu ya gangara ciki. Shi kansa sai da aka gaya masa. Makaranta ta kaure da ihu, masu dafa abinci suka fito da ludayi a hannu, matar Koci ta bar kununta tana rangaɗa guɗa. Ni kuma ranar kamar an canza ni, sama na kama, ƙasa na kama. Na waiwaya na ce wa Malamin Gona, "Baba, yau babu mangwaro?" Ya kau da kai.

Saura ƙiris a tashi, Koci na ta duba agogo yana tsalle a wuri ɗaya, sai ƙwallo ya fita ya faɗa cikin doya. Ɗaya daga cikin yaran nan masu man gashi ya bi shi da gudu don ya yi jifa da wuri. Mu in ƙwallo ya shiga nan, a hankali muke bi ta tsakanin layi. Shi kuwa ya haye kan tsibi da takalmi, ya burma shi, ya taka na biyu, sanda ta tare shi ya fizge ta da yaɗon da komai ya yar. A layin Kyaftin.

Kyaftin ya yi wata ƙara da yarensu, ya bar mutumin da yake tsaro ya nufi gona. 'Yan bayanmu suka bi shi. Na tsakiya ma suka bi, wasu don su riƙe shi kada ya yi kisa, wasu don su duba nasu layin. Yaron ya sulale ta gefe ya yi jifarsa. Alƙali bai busa ba, don babu dokar da ta hana taka doya.

Na ɗaga kai na ga mutum huɗu sun nufo ni, babu ko ɗaya mai rigarmu. Na yi ihu har muryata ta dushe. Na fita na tari na farko, ya miƙa wa na biyu, shi kuma ya tura a hankali kamar mai jin kunya. To a nan ma a ce laifin gola ne?

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Kunnen doki ba ci ba ne, firinsifal ma bai tsaya an tambaye shi ba, ya shige motarsa. Malamin Gona ya naɗe lemarsa ya tafi, ko sannu bai ce mini ba.

Mutane suka watse, aka bar mu tsaye a bakin gona, kowa kansa a ƙasa. Kyaftin na durƙushe yana tara ƙasar tsibin da hannu, hawaye na zuba, ban sani ba ko na doyar ne ko na Koci. Sai ga Koci ya taho. Na ɗauka zai zazzage mu, kuma da ya yi da mun ji sauƙi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon yaɗon da ke yashe a ƙasa.

Ya ce, "Zai rayu?"

Kyaftin ya ce, "Bai tsinke duka ba, Sa. In an ɗaure shi zai yi."

Muka dudduba, babu igiya. Koci ya cire usur ɗin da ke wuyansa, ya kwance zaren, ya sa usur ɗin a aljihu. Ya mayar da sandar da kansa, ya ɗaga yaɗon a hankali ya ɗaure.

Ya ce, "To ku kula da shi. Wannan kam kun iya."

Ya karkaɗe gwiwarsa ya nufi get, inda matarsa ke harhaɗa kwanukanta. Takardar canjinsa ta iso kafin a tone doyar.