Ƙunshin Da Na Riƙe A Bas Ɗin Yankaba

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da jikoki a gidajen aure. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Ku matasa nake yi wa wannan bayani, musamman mata.

A wani ƙauye na yankin Bici aka haife ni, a can na yi aure. Mijina manomi ne, ni kuma ina kiwon awaki, ina yin ƙuliƙuli. Ni ce matar da ake ba ajiya a unguwarmu. Mace za ta yi tafiya ta kawo mini 'yan kunnenta, ta dawo ta same su yadda ta bar su.

Sai shekarun fari suka zo. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Muka sayar da awaki, muka share rumbu, a ƙarshe muka daka irin da muka ajiye don shuka muka ci. Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mijina ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko neman aiki, saƙo ɗaya muka samu daga gare shi, shi ke nan. Na kai 'ya'yana biyu wajen mahaifiyata, na shigo Kano na sauka a ɗakin gwaggona a Kurna, ina bin gidaje ina wankau da surfe.

Kullum sai na hau bas. Motocin manya ne a lokacin, masu ƙofa gaba da baya, ana cusa mutane har ka rasa inda za ka ajiye ƙafa. Akwai wata al'ada. Mace in ta shigo da goyo a baya da kaya a hannu, ta rasa wurin zama, sai ta miƙa kayan ga babbar macen da ke zaune ta ce, "Inna, don Allah riƙe mini." Ba a tambayar suna. Ni furfura ta fito mini da wuri, don haka kowa Inna yake ce mini.

Kayan farko da na ɗauke ba ni na nema ba. Wata ce ta ba ni ƙunshi, aka zo tashar Bata aka turo ta waje cikin turmutsutsu, ta manta. Ina kallonta ta taga. Na buɗe baki zan kira ta, sai na rufe. Garin kwaki ne a ciki da sabulu da zane ɗaya. Na ce wa kaina rabona ne. Na biyu kuwa da ƙafata na je nemansa. Na sayi farin mayafi da carbi, na koyi zama dab da ƙofar baya, na daina jira a roƙe ni. Ni nake fara cewa, "Kawo in riƙe miki, 'yata." Da an tsaya inda ake cunkoso, sai in zame da kayan in shige lungu.

Daga nan na ƙara da tashar jirgin ƙasa. Jirgin kudu yakan yi kwana biyu bai zo ba, mutane zube a ƙasa da tabarmi da kaya. Dole mutum ya je alwala, dole ya je neman abinci. Wa zai bar wa kaya in ba dattijuwar da ke jan carbi ba? Gwaggona ta taɓa tsare ni ta ce, "Ke, wace Hajiya ce wannan da ke ba ki zannuwa kullum?" Na ce mai kirki ce. Ba ta sake tambaya ba, amma ta daina cin abin da na dafa.

To, ga wadda ta sa nake wannan magana.

Gab da faɗuwar damina, a bas ɗin da ke zuwa Yankaba, wata ƙaramar mace ta shigo da goyo da ƙunshi mai nauyi a tsohon zane. Na ce ta kawo. Ta ɗan yi jim, sannan ta ɗora mini a cinya, amma hannunta ɗaya na kan ƙullin. Don ta saki jiki na ja ta da hira. Ta ce sunanta Hauwa, daga wani ƙauye bayan Gezawa, mijinta Malam Sule yana kwance da ciwon ƙafa. Ta zo wajen yayanta ne a birni. Ɗanta ya fara kuka, ta saki ƙullin ta juya tana jijjiga shi. Bas ya tsaya. Na sauka.

Da na kwance a ɗaki sai na ga gero ne, kamar tiya uku, an cuɗa shi da toka. Ba sai an gaya mini ba. Gero da toka iri ne, haka muke ajiye shi don kada ƙwari su ci. A wannan shekarar iri ya fi nama wuyar samu. Na san ƙunshin nan shi ne daminar gida guda. Na ɗaure shi na tura ƙarƙashin gado, na ce sai ruwa ya sauka ya yi daraja in kai kasuwa.

Bayan kwana biyar aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ake fita shuka da shi. Washegari na shiga bas a Bata na zauna a wurina. Sai da ya cika, aka tashi, sannan na ji an dafa mini gwiwa. Hauwa ce. Ta durƙusa a gabana tsakanin ƙafafun mutane, idonta ya faɗa. Ashe tun ranar ba ta koma gida ba, tana kwana wajen yayanta, tana wuni a tashoshin hanyar tana leƙa kowane bas.

Na san abin da ake yi wa wanda aka kira ɓarawo a cikin mota. Na taɓa ganin an jawo wani ta taga. Ƙofa na kusa da ni, amma bas na gudu, kwandasta kuma ya tokare ta da jikinsa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso da bakinta ta ce, "Inna, ba zan tona miki asiri ba. Ki riƙe zanen. Irin kawai nake so."

Na ce, "Wane iri?"

Ta ce, "An yi ruwa jiya. Ƙasarmu yashi ce, kwana uku danshin zai yi. Ko rabi ne ki ba ni. Mu sauka tare, babu wanda zai sani."

Ku ji da kyau. Irin nan yana ƙarƙashin gadona, ko ƙwaya ban taɓa ba. Daga inda muke zuwa Kurna bas biyu ne. Da na ba ta, da ta isa gida kafin la'asar. Amma na ga wani mutum da ke tsaye a kanmu ya fara karkato kunne, sai tsoro ya rufe ni, na yi abin da na san zai fid da ni. Na ɗaga carbina na fashe da kuka. Na ce, "Jama'a, ku ji yarinyar nan. Ni sa'ar uwarta take kira ɓarauniya. Wallahi ban taɓa ganinta ba."

Bas ya ɗauka. Wata mai kwando ta ce, "Ke ba ki da kunya? Dubi furfurarta." Mutumin nan ya ce, "Sabon salon bara ke nan da suka shigo da shi daga ƙauye." Hauwa tana cewa, "Baba, ku tambaye ta, ku bi ta gida ku gani," amma babu mai sauraro. Kwandasta ya buga jikin mota, direba ya taka birki a inda ba tasha ba, aka tura ta ƙasa da goyonta, takalminta ɗaya ya zauna a ciki. Wani Alhaji har ya miƙo mini goro ya ce in yi haƙuri, 'ya'yan yanzu ne. Na karɓa na ci.

Ranar na sayar da irin.

Ba a kan Hauwa aka kama ni ba. Bayan wata huɗu ne, a tashar jirgi, wata mata ta bar mini akwati ta tafi alwala, ashe mijinta na zaune nesa kaɗan yana kallo. Aka kai ni wajen 'yan sanda, aka je ɗakin gwaggona aka fito da zannuwan mutane a gaban 'yan unguwa. Alƙali ya ba ni shekara uku. Ina ciki mahaifiyata ta rasu, dangin mijina suka kwashe 'ya'yana. Duk wannan na ɗauka, don hakkina ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk sanda aka yi ruwan farko ƙamshin ƙasa ya shigo ta tagar kurkuku, sai in fara lissafi: yau ɗaya, gobe biyu, jibi ƙasa ta bushe. Wata malama da ke zuwa yi mana wa'azi ta gaya mini cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da Shi, amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe.

Da aka sake ni na yi surfe wata biyu, na sayi gero mai kyau, na cuɗa da toka, na hau motar Gezawa. Ƙauye uku na shiga ina tambayar gidan Malam Sule mai ciwon ƙafa. A na ukun wani dattijo ya nuna mini kango, katanga ta zube, tumaki na kwance a ciki.

Ya ce, "Shekarar da aka fita daga fari ba su yi shuka ba. Kowa ya shuka ya samu, don damina ta yi kyau, su kaɗai gonarsu ta kwana ciyawa. Matar ta je birni karɓo iri ta dawo hannu wofi, ta ce wata tsohuwa ce ta gudu da shi a mota. Babu wanda ya yarda. Aka ce sayarwa ta yi. Mijin ya sake ta, ya jinginar da gonar, bai shekara ba ya rasu."

Na ce, "Ita fa?"

Ya ce, "Wasu sun ce ta yi gabas. Ke 'yar'uwarta ce?"

Na ce a'a. Na ce ni ce tsohuwar. Ya tashi ya naɗe buzunsa ya shige gida.

Na tuba, kuma tun daga ranar ko allurar wani ban ɗauka ba. Amma har yau ban sami Hauwa ba, ban san ko tana raye ba, kuma na san akwai inda za mu haɗu.

Don haka ku saurare ni. In an manta abu a hannunki, ki kira mai shi tun bakinki yana buɗe, don rufewar farko ita ce mai wuya, sauran duk da sauƙi suke zuwa. Kada ki ce yunwa, mu ma da yunwa muka fara, kuma wadda na cuta ta fi ni jin ta. In kuma kin riga kin ɗauka, aka zo aka durƙusa a gabanki ana roƙo, ki mayar a ranar, ko da za a doke ki. Duka yana warkewa. Ni na tsira daga duka, ga shi na tsufa da gero a ɗaki ina neman mai shi.